Fasif a Turanci: Rauni Ne a Rubutu, Ko Sharri Ake Yi Masa?

Injiniya: Jama'a barkanmu da yamma. Zan taɓo wata magana da na san Malam ba zai so ba. A ganina a daina wahalar da yara da wannan fasif ɗin a darasin Turanci. Yaro ya rubuta "The police arrested the thief", wato aktif, magana ta fita sarai, sai a ce ya juya ta zuwa fasif, "The thief was arrested by the police". Kalma biyar ta koma bakwai, ma'ana ba ta ƙaru da komai ba. Ko Microsoft Word ja wa irin wannan jimla layi take yi idan ka kunna mata gyaran salo. Masu harshen ma sun gaji da shi. Tun 1946 marubucin Turancin nan George Orwell ya kafa dokarsa a wata maƙala da ya rubuta: "Never use the passive where you can use the active." Mu da muka aro harshen, me ya yi mana zafi?

Ɗalibi: Wallahi Yallaɓai ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. A sakandare an ce mana aktif ya fi ƙarfi. Da muka zo rubuta furojet, malamin da ke duba ni ya soke duk inda na sa "I", ya ce in rubuta "The samples were collected". Yanzu wanne zan kama?

Malamin Turanci: Injiniya, da ka karanta maƙalar tun daga farkonta da ka yi dariya. A jimlarta ta farko Orwell ya rubuta "it is generally assumed". Fasif ke nan, tun kafin ya kai ga kafa dokar. Kuma dokar ma da sharaɗi ta zo: inda aktif zai yi aikin. To akwai wuraren da ba zai yi ba. Faɗa mini ranar haihuwarka da Turanci ba tare da "I was born" ba. Sai dai ka ce "My mother bore me", a yi ta kallonka.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, wannan guda ɗaya ce, kuma ta riga ta daskare a haka. Ba a gina doka a kan abin da ya fita daban.

Malamin Turanci: To bari in ba ka wadda ba ta daskare ba. A ce ɗalibi yana rubuta sakin layi a kan Janar Murtala. Ya fara: "Murtala Muhammed became head of state in July 1975." Jimla ta biyu fa? "He was assassinated in Lagos in February 1976." Mai karatu yana riƙe da Murtala a ransa, jimla ta biyu ta ɗora daga inda ta farko ta tsaya. Yanzu juya ta: "Soldiers led by Dimka assassinated him." Nahawu bai karye ba, amma ka ɗauke hasken daga kan Murtala ka mai da shi kan Dimka. Idan labarin juyin mulkin kake bayarwa, ta biyun ce daidai. Idan tarihin Murtala ne, ta farkon. Turanci yana son abin da aka riga aka sani ya zo a farkon jimla, sabon bayani ya zo a ƙarshe, kuma tsarin kalmominsa a ɗaure yake: aikau (mai yin aiki), aikatau (aikin), karɓau (wanda aikin ya faɗa wa). Fasif ita ce babbar hanyar da yake da ita ta ɗauko karɓau ya sa shi a gaba. Wanda ya ce jimlolin biyu ma'anarsu ɗaya, ya duba su ne su kaɗai a kan allo, ba a cikin sakin layi ba.

Kuma lissafin kalmomin naka akwai gyara. Mafi yawan jimlolin fasif ba sa ɗauke da "by" ɗin nan sam. "The thief was arrested" kalma huɗu ce, ta ma fi taka gajarta. Kowa ya san wa ke kama ɓarawo.

Anti 'Yar Jarida: Malam, na yarda da kai rabi. Amma ku bar ni in tsaya wa Injiniya a ɗaya rabin, don ni ce takardun sanarwa ke sauka a kan teburina. Ga irin abin da ke zuwa, da tambarin ofis da sa hannu a ƙasa: "It is regretted that salaries have not been paid. Efforts are being made." Sai in ɗauki jan biro in yi ta tambaya a gefen takarda: wa ya yi nadama? Wa ya ƙi biya? Wa ke ƙoƙari? Jimla biyu, aiki uku, babu mutum ko ɗaya a ciki. Ba kuskure ba ne, da gangan ake yi. Kuma ba mu muka fara ba. A jawabinsa ga majalisar Amurka a watan Janairun 1987, kan badaƙalar sayar wa Iran makamai, Shugaba Reagan cewa ya yi "serious mistakes were made". An yi kurakurai, wai. Kamar daga sama suka faɗo.

Injiniya: Ranki ya daɗe, kin gama magana. Turancin masu gudun laifi ne.

Barista: A'a, ba ta gama ba, kuma kai ma ba ka tsira ba. Ga jimloli uku: "The money went missing." "The building collapsed." "A stray bullet hit the boy." Wa ya kwashe kuɗin? Wa ya rage siminti? Wa ya harba bindigar? Babu. Kuma duk ukun aktif ne tsantsa, ba fasif ko ɗaya. Mai son ɓoye laifi ba ya rasa hanya. In ka hana shi fasif, zai koma ga aikatau ƙi-karɓau, ko ya mai da aikin suna ya ce "There was a loss of funds". Akasin haka kuma, "The money was stolen by the cashier" fasif ce, amma ta nuna mai laifi da yatsa, ta ma ajiye shi a ƙarshen jimla inda murya ke sauka da nauyi.

Sannan ku duba tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 36, ƙaramin sashe na 5: "Every person who is charged with a criminal offence shall be presumed to be innocent until he is proved guilty." Fasif uku a jimla ɗaya. Injiniya, juya mini ita zuwa aktif. Wa za ka sa a gaba? Alƙali? Ɗan sanda? Ɗan jarida? Duk wanda ka ambata, ka sauke wa sauran nauyi. An bar gurbin a buɗe ne don ya hau kan kowa.

Anti 'Yar Jarida: Barista, ai ban ce fasif kaɗai ke ɓoyewa ba. Ni ma ina amfani da shi kullum. Idan rahoto ya zo an kashe 'yan kasuwa a hanya kuma ba a san waɗanda suka yi ba, "Traders were killed" zan rubuta, don in na ambaci wani ba hujja, irinku ne za su kai ni kotu. Abin da nake cewa shi ne, a takardun ofis ɗin nan, in ka ga an ɓoye mutum, yawanci ta wannan ƙofar aka bi.

Malamin Hausa: Ina ta sauraro, kuma abin da ya ba ni dariya shi ne yadda Anti ta fassara maganar Reagan ba tare da wata wahala ba: "an yi kurakurai". Mu da muke da "an" da "aka" da "ana" da "za a", mu ne za mu zargi Turanci da ɓoye mai aiki? Matar gida ta ce "an fasa mini kofi", alhali ta san sarai wane yaro ne. Sai dai ku lura, "an" ɗinmu ba fasif ba ne irin na Turanci. Muna cewa "an kama shi", wato ɓarawon yana nan a matsayinsa na karɓau. Bature kuwa "He was arrested" zai ce, ba "him" ba. Ɓarawon ya tashi daga gurbinsa ya hau kujerar aikau. Abin da ya fi kusa da nasu a wurinmu shi ne giredi na bakwai, a rabon aikatau da masanin nahawun Hausa Parsons ya yi: "nama ya dafu", "mota ta gyaru", "igiya ta ɗauru". Amma ko a nan ba za ka liƙa wanda ya yi aikin ba, kuma akwai ƙarin ma'ana ta cewa abin ya yi sosai.

Ina jin daga nan ne matsalar yaranmu take. "An" yana shiga ko'ina: an zo, an tafi, an mutu. Sai yaro ya ɗauka "was" ma haka take.

Malamin Turanci: Abokina, misalanka sun yi, amma ban yarda Hausa ce ta jawo ba, don masu koyon Turanci daga harsuna da yawa suna yin wannan kuskuren. Kuskuren kam yana nan. Kowane zango sai na ci karo da "The accident was happened" da "My grandfather was died" a takardun yara. Dokar ba ta da wuya: sai aikatau mai karɓau ne ke shiga fasif. "Happen", "die", "arrive", "occur" ba su da karɓau, to me za ka ɗauko ka sa a gaba? Akwai ma masu karɓau da ba sa yarda, irin su "resemble" da "lack". Ba a cewa "His father is resembled by him". Wannan ne ma ya sa na ce shawarar Injiniya za ta cuci yara. In ka daina koyar da abu, ba daina rubuta shi za su yi ba. Za su ci gaba da rubuta shi a karkace.

Malamar Islamiyya: Assalamu alaikum. Ɗan ƙarin bayani kawai. Duk wanda ya yi nahawun Larabci ya san wannan babin, shi ne mabniyyi lil majhul, kuma abin da ya hau gurbin mai aiki ana ce masa na'ibul fa'il. "Kataba" ya rubuta, "kutiba" an rubuta, kamar a ayar azumi cikin Baƙara. Malaman balaga sun daɗe da jero dalilan da ke sa a bar ambaton mai aiki: don an san shi, don ba a san shi ba, don tsoronsa, don rufa masa asiri. Ban taɓa jin wanda ya ce a cire babin daga littafi ba.

Ɗalibi: Na gode Malama. Amma ni har yanzu ba a ba ni amsa ba. In bi malamina ko in bi Orwell?

Malamin Turanci: Ɗana, bi mai sa maka maki. Amma ka sani al'ada ce ta fanni, ba dokar nahawu ba. A babin da kake bayanin yadda aka yi gwaji, fasif ya dace, don ba ruwan mai karatu da wanda ya riƙe kwalba. "The samples were dried" ta wadatar. A wajen faɗin ra'ayi kuwa manyan masana ma "we" suke cewa. Takardar Watson da Crick ta 1953 a mujallar Nature, wadda ta bayyana siffar DNA, da "We wish to suggest" ta fara. Mujallar ma a yau aktif take ƙarfafa wa masu aiko mata da rubutu.

Injiniya: To ka gani! Nature ma tana bayana.

Barista: Tana ƙarfafawa, ba ta haramta ba. Kuma kafin ka kafa doka, ka tabbata masu aiwatar da ita sun san abin da suke farauta. Geoffrey Pullum, masanin nahawu, ya nuna a 2009 cewa a shahararren littafin salo na Strunk da White, cikin misalai huɗu da aka jera a ƙarƙashin wannan nasiha, uku ba fasif ba ne sam. Mutane da yawa da sun ga "was" sai su yi ihu. "She was cooking" aktif ce. "He got arrested" kuwa fasif ce, ga ta babu "was".

Hajiya Shugabar Makaranta: Ni dai a makarantata ba za a cire shi ba, yana cikin manhaja. Amma Injiniya yana da gaskiya a wuri guda da ba wanda ya taɓa: yadda muke koyar da shi. Mu ba yaro jimla ashirin a jere mu ce ya juya, har da irin "Rice is eaten by me", wadda ba mahalukin da zai faɗa. Ya iya juyi, bai san ranar amfani ba. Malam, wannan laifinku ne, ba na Orwell ba.

Malamin Turanci: Ranki ya daɗe, a ba mu lokaci a jadawali mu koyar da sakin layi, sai a ga bambanci. Minti arba'in da yara cike da aji, juyin ne kaɗai ake iya dubawa kafin a kaɗa ƙararrawa.

Injiniya: Na ji duka. Ku riƙe shi a tarihi da shari'a da ɗakin gwaji. Amma a wurin aikina dokata tana nan: duk wanda ya kawo mini rahoto da "The generator was left running", zan mayar masa da takardarsa sai ya rubuta sunan wanda ya bar shi a kunne.

Barista: Sai ya dawo maka da "The generator ran all night". Aktif ce, ba ka da ta cewa, kuma man ya riga ya ƙone.

Injiniya: Wannan kuma tambayarsa zan yi da Hausa, a gaban kowa.