Dan Allah ya kuke yi da cin abinci a tafiya? Guzuri na ƙare min tun ba a kai rabi ba

Sabon Matafiyi:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka saba tafiya. Wata mai kamawa in Allah ya kai mu zan yi tafiyar kwana 12, akwai jirgi a ciki akwai kuma doguwar tafiyar mota, kuma bayan na cire kuɗin tikiti da na masauki abin da ya rage na abinci bashi da yawa gaskiya. Abin da yasa hankalina ya tashi, wancan karon da na yi irin wannan tafiyar kuɗin da na ware na cin sati guda a kwana 3 ya tafi, kuma wlh ba wani abin kirki na ci ba. Ranar farko yunwa ta kama ni a filin jirgi na sayi ɗan biredi da aka tsaga aka sa cuku a ciki da ruwan roba ɗaya, da aka miƙo min rasit sai da na duba sau biyu, daga nan kuma duk inda mota ta tsaya sai in sauka in sayi biskit da lemon kwalba. Ragowar kwanakin indomi na yi ta jiƙawa a ɗakin otal safe da dare har cikina ya ɗaure, na dawo a rame ba ƙarfi a jikina. Bana son in maimaita haka. Ya ake yi mutum ya ci abin da zai riƙe masa jiki kuma kuɗin su kai shi har ya dawo?

Direban Dogon Zango:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni rayuwata kusan duk a kan hanya na yi ta, toh bari in faɗa maka inda kuɗinka suka tafi. Ba tsadar garin bace ta cinye su, bari ka yi yunwa ta same ka a inda bai kamata ba. Filin jirgi, tasha, bakin babbar hanya, ƙofar wurin da baƙi ke zuwa kallo, duk mai sayar da abinci a irin wuraren nan ya san baka da zaɓi kuma ya san gobe ba zai sake ganinka ba, ga kuɗin haya mai tsada da yake biya wanda a kanka zai fanshe. Mai jin yunwa kuwa baya ciniki. Shi yasa ni tun daren da zan tashi nake haɗa abin da zan ci a hanya, in yunwa ta taso hannuna cikin jaka zai shiga ba cikin aljihu ba.

In ka sauka a gari kuma kada ka ci a layin farko. Ka daure ka taka layi biyu ko uku zuwa ciki, ka nemi inda ma'aikata da ɗalibai suke cin na rana, zaka gane wurin da layin mutane da kuma tukunyar da bata daɗewa bata ƙare ba. Wurin da aka rubuta jerin abinci da harsuna huɗu aka manna hotuna, ga wani a bakin ƙofa yana ta kiranka, wuce shi kawai. Kuma babban cinka ka mayar da shi rana, a garuruwa da yawa gidajen abinci suna da farashin rana mai sauƙi fiye da na dare alhali tukunya ɗaya ce. Ka ci mai zafi ka ƙoshi sau ɗaya, safe da dare ka lallaɓa da abin da ka saya a kanti. Kuɗin ma ka raba su gida 12 tun daga gida, na kowace rana daban, kada na jibi ya shiga hannunka yau.

Maman Yara:

Gaskiya Baba Direba ya faɗi magana. Ni da yara uku nake tafiya, kaga in na ce komai sai an saya a gidan abinci ai ba za mu dawo da ko sisi ba. Abin da nake yi ranar da muka isa, tun kafin in kwance kaya sosai nake tambayar masu masauki ina babban kanti ko kasuwa mafi kusa, wanda 'yan unguwa ke zuwa, ba ɗan shagon cikin otal ba. In sayo ƙwai, biredi, ayaba, lemon zaƙi, karas, kokwamba, gyaɗa, sardin na gwangwani, madarar gari da ots, wato hatsin nan da ake damawa kamar kunu. Da waɗannan kaɗai ka gama da karin kumallo da abincin dare na kwanaki. Ƙwai ɗaya yana da furotin kusan giram 6, gyaɗa kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne, shi yasa in ka ci cikin hannu ɗaya da ayaba sai ka daɗe baka ji yunwa ba, biskit da lemo kuwa bayan awa ɗaya cikinka zai sake kira. Ko indomin da kake cewa, in ka fasa ƙwai a ciki ka yanka karas ka juye rabin sardin ai ya zama abinci.

Kayan aiki ma ka tafi da naka, basu da nauyi: fulas ƙarami, cokali, roba mai murfi, da 'yar wuƙa, amma ita wuƙar a babbar jaka wadda ake aunawa zaka saka, in tana jakar hannu za su karɓe a wajen bincike. Da daddare ina zuba ots da madara a robar, da safe ruwan zafi kawai zan tsiyaya daga butar lantarkin ɗaki in yanka ayaba a kai, kafin yaran su gama saka takalma an karya. Sannan ka riƙa leƙa manyan kantuna dab da tashi, da yawansu suna karya farashin biredi da dafaffen abincin da ba zai kwana ba.

Batun jirgi kuma, a mafi yawan filayen jirgi ba a wucewa da abu mai ruwa da ya haura mililita 100 a jakar hannu, kuma yogot da man gyaɗa na shafa biredi duk a cikin masu ruwa suke lissafa su. Amma roba wadda ba komai a ciki tana wucewa, sai ka cika ta a ciki in akwai famfon sha. Busasshen abinci shima yana wucewa. Sai dai in ƙasa zaka tsallaka ka cinye nama da 'ya'yan itacen da ka ɗauko kafin ku sauka, Amurka da Ostireliya da New Zealand basa wasa da wannan, Tarayyar Turai ma ta hana shigo da nama da kayan madara daga waje. In akwai saura a jakarka ka faɗa wa 'yan kwastam da bakinka, ɓoyewar ce ke jawo tara. Ni nakan dafa ƙwai da 'yar shinkafa tun dare in zuba a roba mu ci a hanya washegari.

Ma'aikaciyar Jinya:

Anti Maman Yara duk na yarda da ke sai maganar ƙarshen nan, ki yi haƙuri sai na tanka. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba firji ba, wannan yana cikin ƙa'idojin tsaftar abinci na Hukumar Lafiya ta Duniya, ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60 ko da sanyi ƙasa da digiri 5, tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Shinkafa ma ta fi ban tsoro don akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa bata kashe irinta, in shinkafar ta huce ta zauna sai ta saki guba wadda ko an ɗumama bata mutuwa, kuma ba lallai ki ji wari ko tsami ba. Dafaffen ƙwai shima ya shiga wannan lissafin. In an kwana da su a firji aka ci da safe ba laifi, amma su wuni a jaka cikin mota mai zafi, a'a.

Ɗan'uwa mai tambaya, ni abin da nake so ka riƙe, kada ka yi tsimin kuɗi da lafiyar cikinka. Na taɓa tafiya da wata abokiyar aikina, ta sayi abincin da aka jera a tire tun rana don an rage kuɗinsa da yamma, tsakar dare na farka na same ta a durƙushe a bakin banɗaki tana rawar ɗari, kwana 2 bata fita ba, abin da muka kashe a magani da canza tikiti ya ninka abin da ta rage sau ban san adadi. Saboda haka ka ci abin da aka sauke a gabanka yana tururi, 'ya'yan itace ka zaɓi wanda kai zaka ɓare da hannunka, ka bar ɗanyen salak da ƙanƙara a inda baka yarda da ruwan ba, ƙanƙara ai ruwan famfo ce ta daskare kuma sanyi baya kashe cuta. In kana shakkar ruwa ka tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, in wuri ne mai tudu sosai sama da mita 2,000 ka kai shi minti 3, wannan kaɗai zai rage maka sayen ruwan roba. Ka sa sachet ɗin ruwan gishiri da sukari biyu ko uku a jaka, in babu kuma gudawa ta zo, lita 1 na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe ba a tsiri ba, da rabin cokalin na gishiri. In ka ga jini ko zazzaɓi mai zafi asibiti zaka nufa kada ka tsaya.

Ɗaurewar cikin da ka yi kuma rashin ganye da 'ya'yan itace da ƙarancin ruwa ne. Ga gishiri, babba bai kamata ya kai giram 5 a rana ba, magin da ke cikin indomi kuwa cike yake da shi, rabi ya isa.

Ɗalibi Mai Jakar Baya:

Ni dai ƙari ɗaya zan yi, kada ka yi saurin biyan ƙarin kuɗi don ɗaki mai kicin. In zaka yi kwana 4 ko 5 a wuri ɗaya toh ya biya, amma kwana ɗaya biyu sai ka sayi mai da gishiri da albasa ka tafi ka bar su, asara ce. Gara masaukin da ake kicin ɗin haɗaka, a irinsu sau da yawa akwai kantar da waɗanda suka tafi ke barin ragowar taliya da mai don na baya. In Turai ko Amurka ka nufa akwai manhajar Too Good To Go, gidajen biredi da na abinci suna sayar da abin da ya rage musu da araha kafin su rufe, ni biredi da kayan fulawa nake ɗauka saboda maganar da Malama ma'aikaciyar jinya ta yi. Kuma dan Allah ka ware kuɗin cin abu ɗaya mai kyau na garin da ka je, ka zauna ka ci a natse, kada ka je ka dawo baka san ɗanɗanon wurin ba.

Sabon Matafiyi:

Kai na gode sosai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na rubuta komai. Malama tambaya ɗaya ta rage, ranar motar awa 11 za mu yi a hanya kuma ba firji, tunda ƙwai da shinkafa sun fita me zan ɗauka da zai kai ni dare?

Ma'aikaciyar Jinya:

Ka ci ƙwan da safe kafin ku tashi ko cikin awa biyun farko. Na hanya kuma biredi, gyaɗa, ayaba, lemon zaƙi, karas da ka wanke ka bar shi ya bushe, da sardin ƙaramin gwangwani mai marfin da ake ja da yatsa, amma in ka buɗe ka cinye a take kada ka ajiye saura. Ka cika fulas da ruwan zafi don shayi ko ots, ruwan sha kamar lita 2, da sabulu ko man tsaftace hannu a aljihun jaka na waje inda hannunka zai kai ba sai ka sauke kaya ba. Allah ya kai ka lafiya.