Ƙashin bayan Hajiyarmu ya goce, likita ya ce sai aiki, za ta miƙe kuwa?

Autan Hajiya:
Salam jama'a, don Allah shawara nake nema. Hajiyarmu shekararta 61, kusan shekara biyu kenan tana fama da ciwon ƙugu, yanzu abin ya sauko ƙafafu, in ta ɗan taka zuwa bakin layi sai ta tsaya ta duƙa ko ta zauna kafin ya lafa, har tafiyar ma a sunkuye take yi. An yi hoton MRI aka ce ƙashin L4 ya goce gaba a kan L5, wato gaɓoɓi biyu na ƙasan ƙashin baya, wai mataki na 2. Likita ya ce za a sa ƙarfe. To in an yi za ta miƙe sak kamar da? Kuma ruku'u da sujjada fa? Wallahi wannan ya fi damunta.

Tsohon Direba:
Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni nawa L5 da S1 ne, wato gaɓar da ke ƙasa da ta Hajiya, noti huɗu da sanda biyu aka sa min, aka ɗebi ɗan ƙashi a ƙuguna aka cusa don su haɗe. Ciwon ƙafar da wuri ya tafi, amma bayan sai a hankali, na yi watanni ina sallah a kujera, yanzu ina sujjada lafiya lau sai dai ɗaura igiyar takalmi ne har yau nake jin bayan a sandare. Sigari ma dole na bari, an ce tana hana ƙashin haɗewa.

Yar Fagge:
Ku fara gwada mai ɗori mana kafin a taɓa bayan tsohuwa

Mai Gashin Ƙashi:
A'a Yar Fagge, wannan ba karaya ba ce, jijiyoyi ne a matse, mai ɗori ya danna wurin sai a samu matsala. Auta, mataki na 2 yana nufin gocewar tsakanin kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari ce na faɗin ƙashin da ke ƙasa. Sunkuyon da take yi sau da yawa dabara ce ta jiki, duƙawa tana buɗe wa jijiyar hanya, shi ya sa in an saki jijiyar mutane da yawa suna miƙewa. Kuma ba lallai a mayar da ƙashin gurbinsa tsaf ba, jan sa da ƙarfi ma yana iya taɓa jijiya. Abin dubawa shi ne lanƙwasar nan ta ƙasan baya, in aka ɗaure wurin a miƙe ƙyam ba lanƙwasa sai mutum ya riƙa rinjaya gaba, gaɓar da ke sama kuma ta ɗau nauyin ta gaji da wuri. Ku tambayi likitan ko an yi mata hoto a tsaye, da na duƙawa da na banƙarewa, don MRI a kwance ake yi, a kwance kuma gocewar kan ragu. A duba ƙwarin ƙashinta ma saboda shekaru. Amma in fitsari ko bayan gida ya fara kufce mata, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, kar ku jira ranar kilinik, a daren ku tafi.

Autan Hajiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hoton tsaye kam ba a yi ba, ranar Litinin za mu koma zan tambaya. Baba Direba wata nawa ka yi kafin ka hau mota? don daga nan zuwa ƙauyenmu hanyar duk gargada ce.