Neman shawara kan darasin gusar da layukan x da y

Hajiya Maryama, Garwa: Assalamu alaikum malamai. Ɗana zai zauna jarrabawar sakandare ta Probatoire bana, kuma darasin lissafi na sauya repère, wato gusar da layukan x da y da ake auna wurin ɗigo da su, ya tsaya masa a wuya. Ya haddace x = X + a da y = Y + b, amma da zarar an ba shi aiki sai ya juya alamar ragi ta koma ta ƙari. Wane littafi za ku ba mu shawarar saya?

Malam Umaru, Marwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin littafi, ku saya masa takarda mai gida-gida da wata shara-shara wadda ake ganin rubutu ta cikinta. Ya zana da'irar x² + y² − 4x − 6y + 4 = 0 a kan mai gida-gida, ya zana layukan biyu a kan shara-sharar, sannan ya ja ta a hankali har mahaɗar layukan ta sauka a kan ɗigon (2, 3). Zai gani da idonsa cewa da'irar ba ta motsa ba, wurin da ake fara ƙirge ne ya gusa, kuma lissafin ya koma X² + Y² = 9. Yaron da ya ga wannan zai fahimci dalilin da ya sa X take zama x − 2.

Malama Falmata, Injamena: Littafin lissafi na CIAM na ajinsa ya wadatar, in dai zai yi ayyukan da ke cikinsa.

Yakubu, Ngaundere: Malam, ni manhajar lissafi ta GeoGebra nake ba da shawara, kyauta ce kuma tana aiki a waya.

Malam Umaru: Yakubu, ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Hannu ya fara sabawa tukuna.

Yakubu: Gaskiya ne Malam, amma a gida tana nuna wa yaro kuskurensa nan take, wanda takarda ba za ta yi ba.

Alhaji Bappa, Kusiri: Ina roƙon iyaye kada su ɗauki darasin nan na jarrabawa kawai, domin ni ya ci mini kuɗi. Na sayi fili da tsohuwar takarda mai lambobin iyaka, aka kawo mini wani matashi ya karanta lambobin, ya bi GPS na wayarsa ya kafa turakun siminti. Magina suka haƙa harsashi, bulo ya kai ƙugu, sai maƙwabcina ya zo da nasa mai awon, aka tarar katangar ta shiga cikin filinsa da mitoci da dama. Lambobin takardar daidai suke, na wayar ma daidai suke, sai dai an ɗauki na takardar da tsohon ma'auni, ita kuwa waya da ma'aunin GPS mai suna WGS 84 take aiki, kuma tushensu ba ɗaya ba ne. Rushe katangar muka yi, siminti da ladan magina duk suka tafi. Shawarata ita ce duk wanda zai kafa muku turke ku tambaye shi da wane ma'auni aka rubuta lambobin, in ya kasa amsawa ku nemi wani.

Malama Falmata: Allah ya mayar da alheri, Alhaji.

Injiniya Hamadu, Garwa: Amin. A tsarin UTM, wanda ya raba taswirar duniya yanki-yanki domin ba kowane wuri lambobi, Garwa da Marwa da Kusiri da Injamena duk suna yanki na 33, wanda layin tsakiyarsa yake kan digiri 15 gabas. An ba wannan layin lamba 500,000 maimakon sifili domin kada wuraren da ke yammacinsa su fito da alamar ragi. Wannan ma gusar da tushe ne, irin wanda ake koya wa ɗan Hajiya.

Alhaji Bappa: Injiniya, ina da wata tsohuwar takardar ta gona. Za a iya mayar da lambobinta zuwa na waya?

Injiniya Hamadu: Za a iya, Alhaji, in an rubuta sunan ma'aunin a jikinta. Ku duba ƙasan takardar ko gefen zanen, ku turo mini hoton wurin.