Aikin baƙar jaka: ɓarayi ne ko ba ɓarayi ba?

Baban Walid: Salamu alaikum jama'a. Tun jiya raina a ɓace yake. A majalisarmu na ce jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, sun fi shekara ashirin suna shiga gidajen mutane da ofisoshinsu cikin dare ba izinin kotu, har da sunan da suke kiran abin a tsakaninsu, wai "aikin baƙar jaka". Sai aka yi mini caa, yaron da aka yi sunansa a gabana ya ce fim na kalla. Alhali kwamitin Sanata Frank Church ya tono zancen a 1975, FBI da kanta ta amsa shiga aƙalla 238 tsakanin 1942 da 1968. Masu yi wa duniya wa'azin bin doka ke nan. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ɓarayi kawai!

Barista: Wa alaikumus salam Alhaji. Tarihin daidai ne, amma ka janye kalmar ɓarayi. Yawanci ba sa fita da komai. A buɗe ƙofa da kayan aikin da ke cikin jakar, a ɗauki hoton takardu, wani lokaci a dasa na'urar sauraro, a mayar da kowace takarda inda take, a rufe. Mai gida ya dawo bai ga ko tsinke ya ɓata ba.

Baban Walid: Barista, wanda ya buɗe maka ƙofa kana barci, wane suna za ka ba shi? Baƙo?

Malam Ƙarami: A fiƙihu dai sata ita ce ɗaukar dukiyar wani a ɓoye daga inda ya adana ta. Wannan tajassusi ne, wato bin diddigin sirrin mutane, Suratul Hujurati ta hana shi, Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan wani ba izini. Haramun ne, amma sunansa daban.

Maman Iman: Malam, da girmanka. Sirrin mutum ba dukiyarsa ba ne? Ni da a karanta wasiƙuna gara a ɗauke mini sarƙa.

Barista: Hajiya, kotu da tuhuma take aiki. A 1980 an samu Mark Felt da Edward Miller, manyan FBI, da laifin ba da umarnin shiga gidajen dangi da abokan 'yan Weather Underground, wata ƙungiyar matasa masu tsattsauran ra'ayi. Tuhumar ita ce haɗa baki wajen tauye haƙƙin 'yan ƙasa, babu sata a ciki. Tara aka ci su, Felt dala 5,000, Shugaba Reagan kuma ya yafe musu a 1981.

Ɗan Birni: Ni abin da ya tsaya mini a rai, me ya sa sai baƙar jaka? Duk abin assha sai su ce baƙi.

Tsohon Soja: Ɗana, mu ma muna cewa baƙar aniya da baƙin ciki, bar wannan. Ku da kuke zaune lafiya ba ku san yadda ake tsare ƙasa ba. Waɗancan yaran na Weather Underground bama-bamai suke dasawa. Sai an jira su tashi gari?

Baban Walid: Yallaɓai, likita fa? A Satumbar 1971 mutanen fadar Shugaba Nixon, ƙarƙashin Howard Hunt tsohon CIA da Gordon Liddy tsohon FBI, suka fasa ofishin Dakta Lewis Fielding, likitan ƙwaƙwalwar Daniel Ellsberg, mutumin da ya fallasa takardun sirrin gwamnati kan yaƙin Biyetnam, don neman abin da za su ɓata masa suna. Suka ɓanɓare durowar takardu da ƙarfe, suka watsa ƙwayoyi a ƙasa don a zaci 'yan ƙwaya ne suka shigo. Su da kansu suka yi shigar ɓarayi, ni ne zan ji nauyin faɗa?

Barista: Wannan ba FBI ba ce, 'yan siyasa ne suka yi hayarsu. Kada ka cakuɗa.

Ɗan Birni: Kullum Barista sai ya wanke Amurka. Biza ake nema ne?

Barista: Ka iya bakinka. Ban taɓa ce musu masu gaskiya ba, takardar cikin gida ta FBI ta 1966 ma ta rubuta cewa aikin ya saɓa wa doka ƙarara, shekarar da Hoover, shugaban FBI na lokacin, ya ce a daina. Kalma nake gyarawa.

Maman Iman: To ga tambaya. Ranar 8 ga Maris 1971 wasu masu adawa da yaƙin Biyetnam suka fasa ofishin FBI a garin Media na jihar Pensilbaniya, suka cika akwatuna da takardu sama da dubu suka aika wa jaridu. Daga nan asirin COINTELPRO, shirin FBI na leƙen asiri da tarwatsa ƙungiyoyin siyasa, ya fara tonuwa. Su sun ɗauka sun fita da shi. Baban Walid, ɓarayi ne?

Baban Walid: Haba Hajiya, waɗannan jarumai ne.

Tsohon Soja: Ka ji ko! Naka jarumi, na wani ɓarawo.

Ɗan Birni: Daren damben Muhammad Ali da Joe Frazier suka zaɓa, kowa na manne da rediyo. Daren da aka zalunci Ali.

Tsohon Soja: Wa ya zalunce shi? A turmi na 15 Frazier ya kai shi ƙasa, alƙalai uku duka suka ba Frazier.

Ɗan Birni: Bayan an hana shi dambe shekara uku da rabi saboda ya ƙi zuwa yaƙi! Ba Ali ne ya ci Frazier a Manila a 1975 ba, Baba?

Malam Ƙarami: Subhanallah, daga tajassusi mun koma dambe.

Admin: Jama'a dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: kowa ya yarda an yi shige-shigen nan kuma ba bisa doka ba. A kan kalma, Barista ya kawo hukuncin kotu, Malam ya kawo fiƙihu, ɗaya ɓangaren kuwa zafin rai ne ya fi yawa. Don haka ba ɓarayi ba ne. Ɗan Birni ya ba Barista haƙuri kan maganar biza.

Maman Iman: Admin, ina tawa tambayar? Ko sunana ba ka ambata ba.

Baban Walid: Ban janye ba. Barista, don Allah turo mini zancen takardar 1966 ɗin ta akwatina, da ita zan koma majalisa gobe bayan la'asar.