Gwazar adon da na dasa a ƙarƙashin mangwaro tana komawa kore

Wata uwargida daga Jos:

Assalamu alaikum. A bayan gidanmu akwai fili da wata tsohuwar bishiyar mangwaro ta lulluɓe da inuwa, kuma na daɗe ina son in ƙawata shi da dogayen tsirrai masu duhun ganye, waɗanda ba sai an sake shuka su kowace shekara ba. A farkon daminar bara na dasa gwazar ado mai baƙin ganye, irin da ake kira Black Magic, har guda biyar. Sun kama, sun kai ƙugu, amma duk sabon ganyen da ya fito sai ya fi na baya kore, da hunturu ya shigo kuma gefen ganyen ya bushe kamar an babbaka shi. Ina kuskurena yake? Na kuma ga hoton wani tsiro mai suna Actaea, ina so in ji ko sanyin Jos zai ishe shi.

Dattijo mai lambu daga Zariya:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Laifin ba na irin ba ne, na wurin ne. Baƙin da kike sha'awa wani launi ne da ganye ke tarawa idan yana samun haske, saboda haka idan inuwa ta yi kauri sai tsiron ya rage shi, koren da ke ƙasa ya bayyana. Mangwaro kuwa ba ya zama babu ganye ko da rani, inuwarsa ba ta sassautawa. Ki sa a sassare ƙananan rassan gefen gabas, domin hantsi ya riƙa sauka a kan gwazar na awa uku ko huɗu, inuwar ta kare su daga zafin azahar.

Bushewar gefen ganye kuma ƙishirwa ce. Gwaza shukar fadama ce, ba ta haƙuri da busasshiyar ƙasa, ga saiwoyin mangwaro suna riga ta shan duk ruwan da kika zuba, ga iskar hunturu tana tsotse sauran. Da ni ne, da na matsar da su nesa da gindin bishiyar zuwa inda inuwar take ƙarewa, in cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin shanu, in rufe gindinsu da busasshen ganye, in bar kusan mita 1 tsakanin kowane tushe. Idan ta ƙoshi, tana iya wuce mita ɗaya da rabi.

Wata 'yar'uwa daga Ingila:

Hajiya, ina da Actaea a lambuna, irin da ake kira Brunette, kuma ina ƙaunarta ƙwarai, musamman a watan Satumba da Oktoba lokacin da take fitar da dogayen fararen furanni masu ƙamshi. Amma asalinta gabashin Asiya ne, wuraren da ake yin ƙanƙara, kuma sai ganyenta ya mutu ta kwanta watanni cikin tsananin sanyi kafin ta sake tohowa. Tsaunin Jos ya kai kimanin mita 1,200, duk da haka sanyinsa bai kai wannan ba. Ba na ba ki shawarar ki kashe kuɗinki a kanta.

Mai sayar da dashe daga Kaduna:

Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne. Ƙarina shi ne ki sa wani tsiron ado mai suna Cordyline, mai ganye ja-ja mai duhu, a bayan gwazar, domin yana iya wuce mita 2, ya fi ta jure inuwa da ƙarancin ruwa, kuma guntun kararsa kawai za ki soka a ƙasa mai laima ya yi saiwa. Da damina kuma ki riƙa duba ganyen gwazar: cutar ruɓewar ganye da ta ɓulla a Najeriya a 2009 tana farawa ne da ɗigo masu ruwan ƙasa, sai ki yanke ganyen da ya kamu ki ƙona. Ki sa safar hannu, don ruwan jikin gwazar yana sa ƙaiƙayi, kada kuma yara su tauna.

Uwargida daga Jos:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na haƙura da Actaea. Baba, shin in matsar da gwazar yanzu ne, ko in jira ruwan farko na watan Afrilu?

Dattijo mai lambu daga Zariya:

Ki jira ruwa ya zauna, Hajiya, amma ki sare rassan tun yanzu, ki kuma ci gaba da ba su ruwa safe da yamma.