Hayyul Ashir ko Darrasa: ina sabon ɗalibi zai sauka a Alƙahira?

Bakatsine: Salamu alaikum. Ƙanena zai shigo jami'ar Azhar bana, kwalejin Usuluddin. Na ce masa kada ya kuskura ya kama ɗaki a unguwar Hayyul Ashir da ke Madinat Nasr. Wanda ya zauna can sai ya shekara huɗu yana shan Hausa safe da yamma, ya koma gida da Larabcin takarda.

Ɗan Damagaram: Wa'alaikumus salam. Malam, ka yi tsauri. Yaron da bai taɓa fita ba, ka jefa shi cikin Misrawa rana ɗaya? Shi ya san "jamil", su kuma "gamil" suke cewa. A Ashir akwai mai raka shi neman iƙama, wato takardar izinin zama, akwai inda zai ci tuwo in kewar gida ta taso.

Bakatsine: Ai tuwon ne matsalar.

Yaya Babba: Ku ajiye tuwo, ku dubi hanya. Kwalejojin Usuluddin da Shari'a da Lugga duk a unguwar Darrasa suke. Daga Ashir sai ka rataya a bas, ka keta cunkoson Madinat Nasr, kafin ka iso ka jigata. Na Darrasa kuwa da ƙafa yake zuwa, ya yi asuba a masallacin Azhar, ya zauna darasin ruwaƙ, wato karatun cikin masallacin, kyauta. Sai dai gidajen sun tsufa. Shekara biyu na yi a hawa na biyar, ba lif, ruwa ba ya hawowa sai tsakar dare. Da jarkoki muka yi karatun nan.

Maman Amira: Duk zancen maza kuke yi. Mu kwalejojinmu a Madinat Nasr suke, me zai kai mu Darrasa?

Ɗan Damagaram: Gaskiyarki, Hajiya. Sannan ba wanda ya taɓo kuɗi. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 'yan gudun hijira suka shigo haya ta tashi, ga fam, kuɗin Masar, ya faɗi a Maris 2024. Simsar, wato dillalin gida, zai ci nasa, mai gida ya karɓi ta'min, wato kuɗin ajiya. In yaron yana da minha, wato tallafin karatu, ya nemi gado a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, ya huta.

Bakatsine: Ba shi da minha, da aljihuna zai yi. Yaya Babba, gidan naku na hawa biyar, har yanzu da gado?

Yaya Babba: Akwai. Ya taho da jarkarsa.