Neman shawara: hutun yara a motar RV, ga kyanwoyi biyu

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A Houston ta Amurka muke zaune, muna shirin ɗaukar hayar motar nan mai gado da kicin da banɗaki, wadda ake kira RV, mu yi hutun yara a hanya cikin watan Yuli. Ta Amarillo da Albuquerque za mu bi har Grand Canyon, babban kwazazzabon nan na jihar Arizona. Damuwata kyanwoyinmu biyu. Yara sun kafe sai an tafi da su, uwargida kuma ta ce ba ruwanta, wanda ya ɗauko shi zai kula. Wanda ya taɓa irin wannan tafiya, don Allah yaya zaman yake?

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam. Fara tambayar masu motar ko sun yarda da dabba, wasu suna ƙara kuɗin shara. Amma babban abin tsoro zafi ne. In aka kashe motar nan a rana, nan da nan take zama tanda, buɗe taga ba ya maganin komai. Na'urar sanyaya ɗakin kuwa ba ta tashi sai da janareta, ko a jona motar da wutar sansanin da matafiya ke kwana, kuma sansanoni da yawa suna da lokutan da suka hana tayar da janareta. A Grand Canyon, sansanin Trailer Village ne ke da wurin jona wuta, na Mather babu, saboda haka ka kama wuri tun yanzu. Sauƙinta ɗaya, gefen kudu na kwazazzabon da garin Flagstaff suna kan tudu, wajen mita 2,100, ba irin zafin birnin Phoenix ba. Ko kun jona, kada ku bar su yini guda su kaɗai. Ba a gida kaɗai ake ɗauke wuta ba.

Ɗan Damagaram:
Malam, ni dai ka bar su gida, ka samu mai leƙa su. Kyanwa wurin da ta saba take so, yawo ba ya burge ta. Can ma ba a sauka da dabba cikin kwazazzabon, sai hanyoyin sama, da igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba. Akwai wurin ajiyar dabbobi a gefen kudu, amma sai da takardar rigakafi.

Hajiya Babba:
Ɗan Damagaram ya yi gaskiya, sai dai mu mun yi da tamu, lafiya lau. Baban Hanifa, ɗana, in mota na tafiya kowace ta zauna a kejinta, a ɗaure kejin da bel, kada ta faɗa ƙarƙashin birki. Kwanon yashin bahayarsu a wurin wanka muke ajiyewa, a kwashe safe da yamma, don ɗakin ƙarami ne, wari ba ya ɓuya. Kada yara su zuba yashin a masai, tankin zai toshe, ku kwana kuna da-na-sani. Abinci sai an yada zango. In motar mai bangon da ke turowa waje ce, kada a taɓa maɓallin sai an ga kyanwoyin da ido, suna son maƙalewa a wannan lungun. Ƙofa ma haka, wanda zai fita ya duba ƙafarsa, dajin can akwai dilolin da ke cin kyanwa. A sa musu ɗan ƙwayar shaida ta ƙarƙashin fata, da abin wuya mai lambar wayarka. Daren farko ku kwana a motar a ƙofar gida, su shinshina ko'ina.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Hajiya, ƙaramar kyanwar tana amai a mota ko da asibiti kawai za mu kai ta. Akwai abin da zan ba ta?

Hajiya Babba:
Ka je wurin likitan dabbobi kafin tafiya, akwai maganin da suke rubutawa, ka karɓo takardar rigakafin haukan kare a tafiya ɗaya. Kada ka kuskura ka ba ta maganin mutane, farasitamol kashe kyanwa yake yi. In ya ce ba za ta jure ba, ka bi maganar Ɗan Damagaram, yara su yi haƙuri.